Tambaya da Amsa: Zan sayi gidan haya a Monreyal amma hitar lantarki ce, in shiga ko in fasa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali ya aiki. Ni ɗan Maraɗi ne amma ina zaune a Monreyal ta ƙasar Kanada da iyalina, na samu takardar zama ta dindindin alhamdulillahi. Na ɗan tara wani abu kuma na gaji da biyan haya, sai dillali ya nuna min wani gida mai hawa biyu a unguwar Montréal-Nord, irin wanda suke ce ma duplex, ƙasa gida guda sama gida guda, ginin 1960 da wani abu ne, suna neman dala 640,000. Nufina in zauna a ƙasa, saman kuma akwai wata tsohuwa da ta daɗe a ciki tana biyan 900 a wata. Abinda ke damuna shine dumamar gidan duk da lantarki ne, irin doguwar hitar nan da ake kafawa a gindin bango ƙarƙashin taga, babu gas babu komai. Wani abokina da ke Calgary yace kar in kuskura, wai kuɗin wuta zai cinye ni a hunturu. Shi kuma dillali yace babu wata matsala kowa da mitarsa, kuma wai da na saya zan iya ɗaga hayar zuwa 1,400. Dan Allah a bani shawara, kuɗin gumi ne.

Ɗan'uwanku a Monreyal

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a abinda aka tara. Bari in fara da abokinka na Calgary tunda shi ya tsorata ka. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar garinsu ce. A lardin Alberta inda Calgary take kusan kowa da gas yake dumama gida, wutar lantarkinsu ma yawancinta da gas ɗin ake samar da ita kuma tana da tsada, dan haka wanda ya ga gida mai hitar lantarki a can dole ya ja da baya. A Ontario da jihohin arewa maso gabashin Amurka ma dumama da lantarki na da tsada. Kai kuma a lardin Kebek kake, inda kusan duk wutar daga manyan madatsun ruwa na arewa take fitowa, irin su La Grande da Manic, kamfani ɗaya ne na gwamnati wato Hydro-Québec, kuma farashinsa na cikin mafi araha a duk Arewacin Amurka. Shi yasa mafi yawan gidajen lardin da lantarki suke dumama, ba wani abin mamaki bane, in ma ka ce sai mai gas zaka saya a Montréal-Nord to zaka daɗe kana yawo. Ita kanta hitar gindin bangon tana da nata alherin ga mai gidan haya, ba ta da inji, ba ta da fanka, ba ta buƙatar sabis duk shekara, ba ta fitar da hayaƙi, in ɗaya ta mutu ɗaki ɗaya ne ya yi sanyi ba gidan duka ba kuma canza ta ba wani kuɗi bane.

To amma kar ka ji na faɗi haka ka ruga ka sa hannu. Hitar ba ita ce abin tsoro ba, gidan da hitar ke ciki shine abin dubawa, sai kuma takardar hayar da zaka gada.

Ga yadda lissafin wutar yake. Hydro-Québec na caji hawa biyu ne ga gidajen zama, kilowat-awa 40 na farko a kowace rana wajen santi 7, abinda ya haura haka kuma sama da santi 10, sannan ga ɗan kuɗin layi na kullum ga haraji. Da bazara ba ka ma kai 40 ɗin ba, amma a Janairu da Fabrairu lokacin da sanyi ke kai digiri 20 ko 25 ƙasa da sifili hawa na biyun ne ke cin mutum. Ɗauki hita ɗaya mai wat 1,500, in ta yi awa 10 tana ci a rana kilowat-awa 15 kenan, gida mai hita biyar ko shida kaga an doshi 75 zuwa 90 a ranar sanyi, ka haɗa da tankin ruwan zafi da murhun girki wanda su ma na lantarki ne. A kan takarda hakan na iya wuce dala 200 a wata a tsakiyar hunturu. Shi kansa kamfanin yana cewa dumama kaɗai na cin kusan rabin kuɗin wutar shekara. Abinda ke sa hitar ta yi awa 10 ko awa 5 kuwa ba hitar bace, domin duk hitar irin wannan ɗaya suke, sabuwa da tsohuwa, mai tsada da mai araha, wutar da ta ci ita take mayarwa zafi babu ragi babu ƙari. Bango ne da taga da rufi ke yanke hukunci. Dumama gidan da iska ke shiga ta ko'ina ɗiban ruwa ne da kwando, kuma gine-ginen 1950 zuwa 1960 da wani abu na Monreyal yawanci an yi su ne lokacin da man dumama ke araha, ba a damu da cusa abin tare sanyi a bango sosai ba.

Dan haka abu na farko, tun kafin ka koma wajen dillali, ka shiga shafin Hydro-Québec a intanet, suna da wajen da zaka rubuta adireshin gida ya fito maka da kiyasin kuɗin wutar shekara na wannan adireshin. Kyauta ne. Ka duba na ƙasa ka duba na sama daban. Sai dai ka riƙe wannan a ranka, kiyasin daga abinda mutanen ciki suka sha ne, tsohuwa ɗaya mai sa rigar sanyi biyu ta rufe ɗakuna ta zauna a falo ba daidai take da gidanka ba mai mata da yara, ana wanka da ruwan zafi safe da yamma, ga alwala, ga tukunya a wuta kullum, kuma mu mutanen Sahel in ba mu ga allurar ta kai 24 ko 25 ba ba ma jin mun shiga gida. Ka ƙara wani abu a kan abinda suka nuna maka. Ka kuma nemi mai sayarwa ya baka takardun bil na shekara guda cif, ba na Yuli da Agusta ba.

Na biyu maganar "kowa da mitarsa". Kar ka karɓa da baki. Mita biyu a bango ba ta nufin an raba wayarin daidai, sau da yawa a tsofaffin gidajen nan zaka tarar fitilar matakala, ko hitar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko ma tankin ruwan zafin gida ɗaya yana kan mitar ɗayan, shekara da shekaru wani na biya wa wani bai sani ba, ranar da ɗan haya ya gano kuma kai sabon mai gida za a kai ƙara. Gwajin ba wuya, ranar duba gida a kunna komai sama da ƙasa, a kashe babban makunnin gida ɗaya a zagaya a ga me ya mutu me ya rage. Sannan ka karanta takardar hayar tsohuwar da idonka, akwai wajen da ake nuna wa ke biyan dumama, wa ke biyan wuta, wa ke biyan ruwan zafi, wa ke kwashe ƙanƙara. In aka rubuta mai gida ne ke biyan dumama to shikenan ka gaji wannan nauyin, ba zaka wayi gari ka ce daga yau ke zaki biya ba, canjin sharaɗin haya ne, sai ka bata sanarwa a rubuce, tana da ikon ƙi, in ma an amince to sai an rage mata kuɗin hayar gwargwado.

Na uku, kuma a nan ne kuɗi ke ɓuya, allon wuta da wayoyi. Gida mai dumama da lantarki yana jan wuta da yawa, kowane gida a cikin biyun yana son allo mai amfiya 100 aƙalla, da yawa ma 200 ake sa musu yanzu. In ka buɗe ka ga tsohon allo mai fis na murɗawa mai amfiya 60 to ka san akwai aiki a gabanka. Sannan gidajen da aka gina ko aka yi wa wayarin daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 da yawansu wayar alminiyom aka sa musu ba ta tagulla ba, ita kuma tana saki a mahaɗa ta yi zafi, kamfanonin inshora ba sa son ta, wasu sai ka kawo takardar mai gyaran wuta kafin su karɓe ka wasu kuma su ƙara maka kuɗi. Gidanka na iya faɗawa cikin wannan zangon. Kuma a Kebek ba a yarda kai ko wani abokinka mai hannu ya taɓa wayarin ba, sai mai lasisi, in gobara ta tashi aka gano aikin bayan fage ne inshora na iya zame maka. Ka kira kamfanin inshora tun kafin ka saya ka faɗa musu shekarar ginin da irin allon da shekarun tankin ruwan zafi, domin shi ma tankin in ya wuce shekara 10 zuwa 12 sukan ce a canza. Ka tambaya kuma ko gidan da mai ake dumama shi a da, tunda da yawa daga baya aka mayar da su lantarki, in haka ne ina tsohon tankin man yake, an cire ko yana nan binne a tsakar gida yana yoyo. Wanke ƙasar da mai ya ɓata na iya cin kuɗin da ya fi kafin alƙalaminka.

Insifeton gini dole ne, kuma kai zaka zaɓo shi ba dillali ba, in da hali mai kyamarar nan da ke nuna inda zafi ke fita. Ka bi shi ƙafa da ƙafa. In Allah ya sa lokacin sanyi ne ma ya fi, ka sa bayan hannunka a gefen taga da bakin soket na bangon waje zaka ji iska na hurowa siririya in akwai, ka ɗaga labule ka duba ƙasan gilashi ko akwai ruwa kwance ko ƙanƙara ta ciki, ka ja kujera ko kabad daga bango ka leƙa kusurwa, baƙin ɗigo-ɗigon nan na fumfuna a nan yake fara fitowa, ka buɗe kabad ɗin kaya ka shaƙa. In ka ga an yi sabon fenti a kusurwa ɗaya tak ta ɗaki ka tambayi dalili. Daga waje kuma ka ɗaga kai, ƙanƙara mai tsini da ke reto a bakin rufi alama ce zafin gidan na tserewa ta sama yana narkar da dusar. Rufin irin waɗannan gidaje shimfiɗaɗɗe ne, ka tambayi shekarar da aka sake shi. Akwai takardar da mai sayarwa ke cikewa ya bayyana aibin da ya sani, ka karanta ta layi-layi, in kuma ka ga an rubuta ana sayarwa ba tare da garantin doka ba, wai mai saye ya ɗauki kasadar da kansa, to araha ba ta ado, duk abinda ya ɓullo daga baya naka ne.

Yanzu abinda mutanenmu ba sa kawowa a rai sam. In ɗan haya ne ke biyan wuta kai ka huta da bil, amma ka sayi wata damuwar, domin wanda ke biya shi ke rage wuta. Zai kashe hitar ɗakin da ba ya kwana, ya rufe ƙofa, ya shanya wanki a falo, tururin girki da na wanka ya rasa hanyar fita ya kwanta a bango mai sanyi, kafin Maris fumfuna ta ci kusurwa kuma kai za a kira. Mafi muni shine mai tafiya. Namu ne ma suka fi yi, mutum zai tafi gida Nijar ko Najeriya a Disamba ya yi wata ɗaya ko biyu, ya ce me zai sa in biya wutar gidan da ba kowa, ya kashe komai ya ja ƙofa. Ruwan da ke cikin bututu ya daskare, ƙanƙara kuma faɗi take yi, bututun ya tsage a cikin bango shiru ba wanda ya sani, ranar da gari ya ɗan sake sai ruwa ya ɓalle daga sama ya sauko ta silin ɗinka, kai da ke ƙasa kai zaka fara sani da tsakar dare. Dan haka duk wanda zaka ba haya ka rubuta masa a takarda kuma ka faɗa masa da baki, ba a kashe hita a hunturu, in zai yi tafiya ya bar ta a 15 ko sama, ya rufe babban famfon ruwa, ya sanar da kai. Kai ma in zaka je Maraɗi haka, kuma ka tambayi inshorarka kwana nawa suka yarda gida ya zauna ba mai leƙawa a lokacin sanyi, suna da sharaɗi a kai. In gidan sama ya zama ba kowa tsakanin ɗan haya da ɗan haya, wutar kanka take komawa. Dokar birnin Monreyal kuma ta ɗora maka tabbatar da cewa hitocin na iya riƙe ɗaki a digiri 21, ko da ba kai ke biyan wutar ba gyaransu naka ne.

Sai ɗaukewar wuta. E, can ma ana ɗaukewa, ba kullum ba amma in ta zo da ruwan ƙanƙara takan yi muni. A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya manyan turakun wuta, wasu garuruwan kudu da Monreyal sun yi makonni cikin duhu, a Afrilun 2023 ma sama da gidaje miliyan ɗaya suka rasa wuta wasu kwana da kwanaki. Abokinka zai ce ka gani, da gas ne da ba haka ba, amma injin dumama na gas shi ma da lantarki fankarsa ke juyawa, in wuta ta tafi shi ma ya tsaya. Abinda nake roƙonka a nan, kar a shigo da gawayi cikin gida, ko na shayi ko na gashi ko kaskon turare a ce a ji ɗumi, kar a tada janareto a gareji. Gidajen can a toshe suke ruf ba kamar namu ba, iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, a 2023 ɗin nan mutane da dama aka kwasa zuwa asibiti saboda ita. Ka sa na'urar ƙararrawar hayaƙi sama da ƙasa, ka gaya wa uwargida kar labule ko katifa ko kayan yara su jingina da hita.

In ka saya kana son rage bil, ga tsarin da zan bi in nine. Fara da mai araha, toshe kafofin iska a tagogi da ƙofofi, ƙara abin tare sanyi a rufi in akwai sarari, cire tsofaffin maɓallan saita zafi na murɗawa a sa na zamani masu lamba waɗanda ke riƙe zafin daidai ba hawa da sauka. Bayan nan sai na'urar da suke kira thermopompe, kamar esin bango take sak, sai dai tana iya juyawa ta jawo zafi daga waje ta shigo da shi, da wutar da hitar gindin bango zata baka zafi ɗaya ita zata baka biyu zuwa uku, masu ƙarfin ma suna aiki har wajen 25 ƙasa da sifili duk da ƙarfinsu na raguwa, da bazara kuma ta zama esi. Hydro-Québec na da tallafi a kanta a shirinsu na LogisVert, gwamnatin lardi kuma na da Rénoclimat na gyaran tare sanyi, ka duba sharuɗɗan kafin ka fara aiki ba bayan ka gama ba. Ka fara sa ta a naka gidan na ƙasa tunda kai ke biyan bil ɗin, a sama ribar aljihun ɗan haya zata tafi. Kuma kar ka cire tsofaffin hitocin, su ne madogara ranar da sanyi ya wuce misali. Akwai kuma tsarin biyan wuta daidai-wa-daida duk wata, a raba maka kuɗin shekara gida 12, ba ya rage komai amma yana hana bil ɗin Fabrairu ya zo maka a ba-zata.

To mu zo kan maganar 1,400, wadda wallahi ta fi maganar hitar tada min hankali. Dillalin nan ko bai san doka ba ko ya san ka ɗauka irin ta gida ce inda mai gida ke cewa ko ka biya ko ka tashi. A Kebek ɗan haya na da haƙƙin ci gaba da zama, sayar da gida ba ya kashe takardar haya, kai ka gaje ta yadda take. Yawancin haya daga 1 ga Yuli take zuwa 30 ga Yuni, in kana son ƙari sai ka bada sanarwa a rubuce wata 3 zuwa 6 kafin ƙarshenta, ita tana da wata guda ta ce ban yarda ba kuma ina nan zaune, kai kuma kana da wata guda ka kai maganar kotun haya, Tribunal administratif du logement, su lissafa maka ƙarin bisa harajin gida da inshora da gyaran da ka yi. Ƴan kaso ne cikin ɗari, ba tsalle daga 900 zuwa 1,400 ba. Ko ta tashi da kanta ma, akwai gurbi a takardar haya da dole ka rubuta mafi ƙarancin hayar da aka biya a wata 12 da suka wuce, sabon ɗan hayan na iya kai ka kotu in ya ga ka yi tsalle. Karɓe gida dan kai ko ɗanka ko iyayenka su zauna yana yiwuwa da sanarwar wata 6, amma doka ta kare tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi da suka yi shekara 10 a gida, kuma tun 2024 an sauko da shekarun daga 70 zuwa 65. Da alama tsohuwar nan na ciki. Ni ko doka ta bari ma ban so maka ka buɗe arzikinka da korar tsohuwa a garin ƙanƙara. Kuɗin ajiya na ɓarna ma haramun ne a nema a Kebek, balle hayar shekara guda a dunƙule irin tamu, wata na farko kaɗai zaka iya karɓa a gaba.

Dan haka yi lissafinka da 900. Tunda zaka zauna a ciki, mafi ƙarancin kafin alƙalami kashi 5 ne na 500,000 ɗin farko da kashi 10 na ragowar, wato 39,000 a gidan 640,000, amma duk abinda ya gaza kashi 20 sai an ɗora maka inshorar lamuni. In da ba zaka zauna ba kashi 20 ne, 128,000. Ka ware kuɗin notaire, domin a Kebek shi ke ɗaura cinikin gida, da na insifeto, da harajin canjin mallaka da birni ke aiko maka bayan ka tare, a gida mai wannan kuɗi wajen dala 8,000 ne kuma mutane da yawa mantawa suke da shi. Ga harajin birni da na makaranta duk shekara, kuɗin hayar kuma sai ka bayyana shi ga gwamnatin tarayya da ta lardi. In duk wannan ya tsaya da ƙafarsa a kan albashinka da 900 ɗin, kuma ka rage wani abu a gefe na rufi ko allon wuta, insifeto kuma bai ga abin tsoro ba, to ka saya, hitar lantarki ba dalilin fasawa bace a Monreyal. In kuwa sai an kai 1,400 lissafin ke fita, ka bar musu gidansu ka nemi wani.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ƙanena na karatu a Kanada, ina so in tura masa kuɗi ya saya min ƙaramin gida a can a riƙa karɓar haya da dala. Ya kake gani?

AMSA

Alhaji, a yanzu dai ƙofar a rufe take. Tun 1 ga Janairun 2023 Kanada ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mai zaman dindindin ba sayen gidan zama mai ɗauke da gida uku ko ƙasa da haka a birane, an kuma tsawaita hanin zuwa 1 ga Janairun 2027. Akwai tarar da ta kai dala 10,000 har ga wanda ya taimaka, kotu kuma na iya sa a sayar da gidan. Sa sunan wani a takarda alhali kuɗinka ne, ka ga na farko zaka jefa yaron cikin matsala da takardunsa, na biyu a idon hukuma gidan ba naka bane, in rai ya yi halinsa ko zumunci ya yi tsami ba ka da abin nunawa. Ko da an buɗe ƙofar ma, mai gidan da ba ya zaune a ƙasar ana cire masa kashi 25 na hayar tun daga tushe a matsayin haraji sai in ya bi wasu matakai. Sannan ka karanta amsar da ke sama ka ga irin hidimar, wa zai tashi ƙarfe uku na dare in bututu ya fashe, ɗalibin da ke da jarabawa da safe? Cinikin biri a sama ne Alhaji.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni da maigidana muna Laval kusa da Monreyal, muna son sayen gida irin wannan amma lamunin banki da ruwa ne ya tsaya mana a rai. Akwai mafita?

AMSA

Barka kadai Hajiya. Hukuncin dai na malamai ne, ku zauna da malamin da kuka yarda da iliminsa wanda kuma ya san yanayin zaman can. Abinda zan iya faɗa miki shine akwai ƴan kamfanoni da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na Musulmi a Kanada da ke bada kuɗin gida ta hanyar murabaha, wato su saya su sayar muku da riba sananniya, ko musharaka, ku yi tarayya kuna sayen kasonsu a hankali, har kasafin kuɗin tarayya na 2024 ya ambaci duba yadda za a faɗaɗa irin wannan. Sai dai yawanci suna neman kafin alƙalami mai kauri, kashi 20 ko fiye, jimillar kuɗin kan fi na banki, wani lokaci ga layin jira, kuma ba dukkansu ke aiki a Kebek ba tunda dokar cinikin lardin daban take. Ku tambaye su tun farko ko suna karɓar gida mai ɗan haya a ciki, sunan wa zai hau takardar mallaka, kuma ko tsarin nasu zai sa a biya harajin canjin mallaka sau biyu. Ku kai wa notaire ɗinku kwantiragin ya karanta kafin ku biya ko sisi.